AMD ko NVIDIA: Wane Katin Hoto Ya Dace da Hackintosh?

Duk wanda ya taɓa haɗa Hackintosh da hannunsa, wato kwamfutar da ba ta Apple ba da aka ɗora wa macOS, ya san wannan lokaci. Ka gama ɗaure komai, ka danna maɓallin wuta, tambarin Apple ya fito, har ga macOS ya buɗe a kan injin da ba Apple ne ya ƙera shi ba. Murna ba ta gama sauka ba, sai ka ja taga da maus ka ga tana tafiya tana sarƙewa. Sandar Dock da ya kamata ka riƙa hango abin da ke bayanta ta zama toka-toka. Ka kunna bidiyo, sauti na gaba hoto na biye. Ka buɗe About This Mac, a layin hoto ka tarar an rubuta 7 MB, alhali katin da ka saka gigabait 8 ne da shi. Wannan 7 MB ɗin yana gaya maka cewa macOS bai san katin ba sam, furosesa ce ke ta fama da zana kowane ɗigo ita kaɗai.

Ni ma na taɓa zama a gaban wannan 7 MB ɗin, ga kati sabo fil a cikin akwati. Kwana biyu na yi ina neman direban da zan sauke, kafin na gane babu shi, kuma ba za a yi shi ba. Abin da ya fi min ciwo shi ne, da na yi karatun rabin sa'a kafin saye, da ban shiga wannan wahala ba.

Ga inda mutane ke ruɗewa. A Windows, sai ka sayi katin da ranka ke so, ka je shafin kamfanin da ya yi shi, ka sauke direba, wato manhajar da ke haɗa magana tsakanin tsarin aiki da katin, shi ke nan. A macOS ba haka abin yake ba. Direbobin hoto suna zuwa ne a cikin tsarin kansa, Apple ke zuba su, kuma ba ya zuba sai na cif ɗin da yake da buƙatarsu a cikin kwamfutocinsa. Saboda haka kafin ka tambayi wane kati ya fi ƙarfi, fara tambaya: shin Apple ya taɓa sayar da Mac mai ɗauke da dangin wannan cif? In amsar e ce, galibi ka huta. In a'a ce, komai ƙarfin katin, a macOS gungumen ƙarfe ne mai fanka.

Mu fara da NVIDIA, tunda shi ne ya fi jan mutane, kuma shi ne ya fi sa su kuka.

Akwai lokacin da NVIDIA ke cikin Mac. Tsakanin 2012 da 2014, iMac da MacBook Pro da dama sun zo da cif na dangin Kepler, irin su GT 650M da GT 750M. Albarkacin waɗannan ne katunan tebur na wannan dangi, kamar GTX 680, GTX 770, GTX 780 da ƙaramin GT 710, suke aiki a macOS ba tare da an girka komai ba. Haka aka tafi har zuwa Big Sur, wato macOS 11. Da Monterey ya fito a 2021, sai Apple ya cire direbobin Kepler. Ana iya mayar da su da wata manhajar faci mai suna OpenCore Legacy Patcher, amma sai ka sassauta kariyar tsarin da ake kira SIP, kuma duk lokacin da ka sabunta macOS sai ka sake yin facin. Ga wanda katin ke hannunsa tun da can, kuma aikinsa bai wuce rubutu da lilo a intanet ba, wannan hanya ce mai ɓullewa. Amma ban ga dalilin da zai sa mutum ya fita neman Kepler yau ba. A kula kuma da GT 730: suna ɗaya ne, amma wasu Kepler ne a ciki, wasu kuma tsohon dangin Fermi ne, wanda macOS ya bari tun da daɗewa.

Sai dangin Maxwell da Pascal, wato GTX 750 Ti, jerin GTX 900, da jerin GTX 1000 irin su 1060, 1070 da 1080 Ti. Waɗannan Apple bai taɓa sa su a Mac ba. NVIDIA ne da kansa yake fitar da abin da ake kira Web Driver domin su, kuma na Pascal ya fito a Afrilun 2017. Wanda ya yi amfani da shi ya san halinsa: kowane direba a ɗaure yake da lambar ginin macOS guda ɗaya tak. Apple na sakin ƙaramin gyaran tsaro, lambar ta canja, direba ya ƙi tashi, ka koma 7 MB har sai NVIDIA ya saki sabo. Duk da haka mutane sun jure, domin katunan suna da kyau ƙwarai. Sai Mojave ya fito a Satumban 2018, aka zuba ido, direba bai zo ba, kuma har yau bai zo ba. High Sierra 10.13.6 shi ne tasha ta ƙarshe. CUDA ma, wanda masu aikin lissafi da zanen 3D ke zuwa wurin NVIDIA dominsa, siga ta 10.2 ce ta ƙarshe da ta zo wa macOS.

To me ke nan ga mai GTX 1080 a yau? Zai iya zama a High Sierra, amma tsarin ya daina samun gyaran tsaro tun ƙarshen 2020, sababbin manhajoji da yawa ba sa hawa kansa, har burauzoji sun juya masa baya. Ba na ba kowa shawarar ya ajiye saƙonninsa da kalmomin sirrinsa a kan tsari irin wannan. Katunan da suka biyo baya kuwa, GTX 1650 da 1660, da duk wani mai suna RTX, daga 2000 zuwa sama, ba su taɓa samun direba a macOS ba ko sau ɗaya. Babu faci, babu dabara. In wani ya nuna maka hoton RTX yana fitar da macOS a allo, ka ce ya buɗe maka About This Mac.

A ɓangaren AMD labarin daban ne, domin tun daga 2015 duk wani sabon Mac mai katin hoto na daban, AMD ne a cikinsa. Sai dai a nan ma ba kowane AMD ba ne, kuma a nan ne zaɓin gaske yake.

RX 580 shi ne tsohon amintacce. Dangin Polaris ne, tare da RX 470, 480, 560, 570 da 590. A 2017 da Apple ya fitar wa masu haɗa manhaja da akwatin gwajin katin hoto na waje, Sapphire Pulse RX 580 mai gigabait 8 ya saka a ciki. Mac Pro na 2019 kuma, mafi ƙanƙantar sigarsa da Radeon Pro 580X ta zo, wanda ɗan gida ɗaya ne da shi. Shi ya sa wannan kati yake aiki tun daga Sierra har zuwa sababbin tsare-tsare, kuma galibi ba ya neman komai bayan Lilu da WhateverGreen, wasu ƙananan direbobi biyu na ƙari, irin waɗanda ake kira kext, da masu Hackintosh ke sakawa. Ka soka, ka kunna, ya kama. In kana son tsohon macOS saboda wata tsohuwar manhaja, misali Mojave, wanda shi ne na ƙarshe da ke tafiyar da manhajoji masu bit 32, to Polaris ko Vega ne mafitarka, domin sababbin katuna ba su san Mojave ba.

Matsalar RX 580 ba a macOS take ba, a kasuwar na-hannu take. An daina ƙera shi, kuma ɗimbin waɗanda ke yawo yanzu sun yi shekaru suna haƙar kuɗin kirifto dare da rana. Masu haƙar sukan sauya BIOS na katin, wato manhajar da ke dashe a cikinsa, domin ya ƙara sauri a wannan aiki, kuma katin da aka taɓa wa BIOS yakan ba da baƙin allo ko ya riƙa ɗaukewa. Wasu katunan suna da ɗan makunni a gefen sama mai sauya tsakanin BIOS biyu. In ka ci sa'a, ɗayan na asali ne. Sannan ga wanda ake kira RX 580 2048SP. A jikin kwali 580 ne, amma a ƙarfi ɗan'uwan RX 570 ne, kuma lambar shaidarsa daban ce, macOS bai san ta ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: saka katin a Windows, buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati, dubi Device ID. Na gaske 67DF ne, yawan ƙwayoyin lissafinsa 2304. In ka ga 6FDF da 2048, wancan ne. Haka RX 550: mai cif ɗin Baffin yana aiki, mai Lexa kuwa sai an yi masa dabarar sauya lamba. Kada ka yarda da sunan da ke kan kwali, lambar ce shaida.

Vega 56 da Vega 64 suna aiki lafiya tun High Sierra, saboda iMac Pro na Disambar 2017 da Vega ya zo. Ƙarfi akwai, amma Vega 64 na shan wat 295, ga zafi ga ƙarar fanka. RX 5700 da 5700 XT sun samu shiga daga Catalina 10.15.1, kuma har yanzu katuna ne masu kyau in ka samu mai lafiya. Ba zan daɗe a kansu ba, domin abin da ya biyo bayansu ya fi su dacewa da yawancin mutane.

Jerin RX 6000 ne ƙarshen abin da Apple ya buɗe wa ƙofa, kuma ba duka ya buɗe wa ba. RX 6800, 6800 XT da 6900 XT sun shiga da Big Sur 11.4 a 2021. RX 6600 da 6600 XT sun shiga da Monterey 12.1. Dalili dai shi ne na ɗazu: Mac Pro na 2019 ya samu katunan W6800X, W6900X da W6600X, masu cif iri ɗaya da waɗannan. Amma RX 6700 XT, wanda ke tsakiyarsu kuma da shi ne zai fi dacewa da mutane da yawa, cif ɗinsa Navi 22 ne, Apple bai taɓa amfani da shi ba. Akwai wani kext mai suna NootRX da masu sa-kai suka rubuta wanda ke tayar da shi, aikinsu kuma abin yabo ne, sai dai ka san ka rataya injinka ne a wuyan wannan kext ɗin duk ranar da za ka sabunta tsari. RX 6400 da 6500 XT ba sa aiki. RX 6650 XT da 6950 XT suna aiki, amma sai ka sa macOS ya ɗauka ƙannensu ne, ta hanyar sauya lambar shaida. Jerin RX 7000 da abin da ya biyo baya babu su, haka ma Intel Arc. Wato a nan, sabon kati bai fi tsoho ba; mai lamba mafi girma ma yana iya zama wanda ba zai taɓa tashi ba.

In aka tace, yawancin masu haɗa Hackintosh suna tsakanin biyu ne: RX 580 ko RX 6600. Ni dai RX 6600 nake zaɓa, kuma ga hujjata. Ya fi 580 sauri nesa ba kusa ba, amma wat 132 yake sha, shi kuwa 580 wat 185. Ƙarancin wuta na nufin ƙarancin zafi, fanka ta yi shiru, kuma ba sai ka sauya akwatin wutar injinka ba. Dukansu ana samunsu da gigabait 8. Shekarunsa ba su kai na 580 ba, saboda haka ko na hannu ka saya, da wuya a ce ya sha wahalar da 580 ya sha. Abin da zai hana ka shi biyu ne: ba ya aiki a ƙasa da Monterey 12.1, kuma layuka takwas na PCIe, wato gurbin da ake soka katin, yake amfani da su, don haka a tsohon madabod mai PCIe 3.0 yakan ɗan rage kaɗan, ko da yake a aikin yau da kullum ba za ka lura ba. Wanda ke tace bidiyon 4K a Final Cut Pro ko DaVinci Resolve a matsayin sana'a, shi ya dubi RX 6800 ko 6800 XT saboda gigabait 16 ɗinsu, amma ya shirya wa wat 250 zuwa 300, ya kuma auna tsawon akwatinsa da ma'auni kafin saye, domin katunan dogaye ne.

Akwai kuma wanda ba ya buƙatar kati kwata-kwata, kuma ba a cika gaya masa ba. In furosesarka Intel ce ta ƙarni na 8, 9 ko 10 mai UHD 630 a ciki, macOS ya san wannan hoton na cikin gida, kuma ya isa aikin ofis, rubuta manhaja, haɗa sauti da kallon bidiyo. Daga ƙarni na 11 zuwa sama, na cikin furosesa ba ya aiki, dole sai da kati. Haka duk furosesar Intel da sunanta ya ƙare da F, ba ta da shi tun asali.

To, wanda ya riga ya mallaki RTX kuma ba zai iya rabuwa da shi ba fa? Wataƙila yana wasanni a Windows, ko aikinsa na bukatar CUDA. Yana da hanya: ya bar RTX ɗin domin Windows, ya kashe shi a macOS, ya bar UHD 630 ko wani katin AMD na biyu ya ɗauki allo. In na cikin furosesa zai yi amfani da shi, sa -wegnoegpu a boot-args ya wadatar, wato layin umarni a saitin OpenCore, manhajar da ke tayar da macOS a kan injin. Amma in katuna biyu ne a ciki, wannan umarni zai kashe su duka har da AMD ɗin, don haka sai ya nemo adireshin PCI na RTX ɗin ya sa masa disable-gpu shi kaɗai a sashen DeviceProperties na wannan saiti. Na gwada zaman katuna biyu, yana aiki, amma ka san abin da ka ɗauka: wayoyi biyu zuwa monita, sauya mashiga duk lokacin da ka sauya tsari, kati na sama yana shaƙar zafin na ƙasa, kuma a madabod da yawa gurbin ƙasa layuka huɗu kawai yake da su. In macOS ne wurin aikinka na kullum, katin AMD guda ɗaya mai ƙarfi da zai yi maka duka biyun ya fi kwanciyar hankali.

Yanzu ga saka katin kansa, kuma a nan tsarin abin da ka fara yi yana da muhimmanci fiye da ƙarfin hannunka. Kafin ka taɓa sukudireba, kwafi jakar EFI ɗinka mai aiki, wato jakar da OpenCore da saitunansa suke ciki, ka zuba a filasha, ka tabbatar injin na tashi daga filashar. Sannan ka gyara config.plist, fayil ɗin saitin OpenCore, tun tsohon katin na ciki, lokacin da kake ganin allo. Sabunta Lilu da WhateverGreen, ka tabbatar Lilu ne a sama a jerin kext. In katin na jerin RX 5000 ko 6000 ne, ƙara agdpmod=pikera a boot-args; rashinsa ne ya fi jawo abin nan da sandar lodi za ta kai rabi sai allo ya yi baƙi ƙirin alhali fankoki na juyawa. In daga NVIDIA ka taso, cire Web Driver, ka goge duk wani nvda_drv da ya rage. In kana da Windows a gefe, shiga Safe Mode ka wanke tsohon direba da DDU, manhajar goge direban hoto, in ba haka ba ragowarsa za ta yi ta rigima da sabon.

Daga nan ka kashe injin, zare wayar wuta, danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci domin ragowar wuta ta fita, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa katin. Gurbin PCIe na sama, mafi kusa da furosesa, shi ne nasa. Danna shi a miƙe har ka ji ƙaramin maƙallin ƙarshen gurbin ya yi ƙas, sannan ka ɗaure shi a jikin akwati. Gurbin da kansa wat 75 kawai yake bayarwa, wayar fil 6 na ƙara 75, ta fil 8 na ƙara 150. Duk ramin wutar da ke jikin katin sai an cika shi, kuma in biyu ne, ya fi kyau kowanne ya samu wayarsa daga akwatin wuta maimakon a raba guda. A duba da kyau, wayar fil 8 ta furosesa tana kama da ta katin hoto amma ba ɗaya ba ne. Wadda aka rubuta wa PCIe ita ce ta kati. Sai wayar monita: a jikin katin za ka soka ta, ba a madabod ba. Kuskure ne ƙarami, amma ya sa mutane da yawa sun ɗauka katinsu ya mutu. In kana da zaɓi, DisplayPort ya fi ba da lafiya a macOS, musamman a allon 4K.

A BIOS na madabod, kashe CSM, kunna Above 4G Decoding, ka sa PCIe ya zama allon farko. In Resizable BAR a kunne yake saboda Windows, ka sa ResizeAppleGpuBars ya zama 0 a OpenCore, in ba haka ba macOS na iya tsayawa a hanya. Sai batun SMBIOS, wato irin Mac ɗin da injinka ke cewa shi ne. Mai UHD 630 tare da kati yakan zauna lafiya a iMac19,1 ko iMac20,1, inda na cikin furosesa ke taimakawa wurin sarrafa bidiyo a ɓoye. Wanda ba shi da na ciki, iMacPro1,1 ko MacPro7,1 ne nasa, domin a nan katin AMD ɗin ne ke ɗaukar wannan aiki. In ka sauya SMBIOS, ka fita daga asusun Apple ɗinka tukuna, domin tsarin zai ɗauke shi a matsayin sabuwar kwamfuta.

Akwai abu biyu da ya kamata ka sani kafin ka zuba kuɗi masu yawa. Lasisin macOS bai yarda a ɗora shi a kan injin da ba na Apple ba, don haka in abu ya lalace, babu ofishin da za ka kai kuka, sai 'yan'uwa masu irin wannan aiki. Na biyu, tun Nuwamban 2020 da M1, cif ɗin Apple na kansa, ya fito Apple ke ƙaura daga Intel, kuma a 2025 ya sanar cewa macOS Tahoe 26 ne na ƙarshe da zai hau Mac mai Intel. Ma'ana, jerin katunan da ke aiki ya rufe, RX 6000 ne ƙarshensa. Wannan ma wani dalili ne da ya sa nake karkata ga RX 6600 ko 6800: ranar da ka gama da macOS, katin zai ci gaba da yi maka aiki sosai a Windows ko Linux.

Da injin ya tashi, kada ka tsaya a ganin hoto kawai. Buɗe About This Mac ka ga sunan katin da cikakken gigabait ɗinsa. Shiga System Information, sashen Graphics/Displays, ka tabbatar an nuna yana goyon bayan Metal, fasahar zanen hoto ta Apple, domin tun Mojave a kansa macOS ke zana komai. Kunna bidiyon 4K ka dubi Activity Monitor. In furosesa ta haura sama tana haki, katin bai karɓi aikin bidiyo ba, sai ka koma kan SMBIOS. Sa injin barci, ka bar shi minti goma, ka tashe shi, ka ga ko allo zai dawo. Gwada kowane rami na bayan katin ɗaya bayan ɗaya, da sautin da ke bi ta HDMI ko DisplayPort. In duk sun wuce, sai ka kwafi wannan sabuwar EFI ɗin ka ajiye a filasha, ka rubuta mata kwanan wata da sunan katin.